Ciwon Shekara Saba'in, Tun Ana Arba'in Ake Shuka Shi

A birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, masu bincike sun shafe sama da shekara 50 suna bibiyar mutum 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973. Da waɗannan mutane suka cika shekara 38, aka duba yadda ƙodarsu, hantarsu, huhunsu, zuciyarsu da garkuwar jikinsu ke aiki, har dasashinsu ba a bari ba. Sakamakon da aka fitar a 2015 abin mamaki ne: sa'o'in juna ne dukkansu, amma wasu jikinsu bai kai na ɗan shekara 30 ba, wasu kuwa ya doshi na ɗan 60. Waɗanda jikinsu ya yi gaba, riƙon hannunsu ya fi rauni, tsayuwa da ƙafa ɗaya ta fi ba su wahala, kuma da aka nuna hotunansu ga mutanen da ba su san su ba, sai suka ɗauke su a matsayin manya. Galibinsu a lokacin ba su da wata cuta da likita zai kira da suna.

Wato shekarun haihuwa daban, shekarun jiki daban. A 2013 wani masani a Amurka, Steve Horvath, ya nuna cewa ana iya ƙiyasta shekarun jiki ta hanyar karanta wasu alamomin sinadari da ke manne wa DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, a wurare 353, alamomin da ke sauyawa yayin da mutum ke manyanta. Daga nan kasuwa ta buɗe. Yanzu kamfanoni na karɓar yawu ko jini su aiko wa mutum da lamba, wai ga ainihin shekarunka.

Ni dai ban ga dalilin da mai lafiya zai kashe kuɗinsa a kan wannan gwaji ba tukuna. Kayan bincike ne mai kyau idan ana nazarin dubban mutane, amma ga mutum ɗaya, samfurin jini guda in aka auna shi sau biyu yana iya ba da amsoshin da suka bambanta da shekaru. Sannan in an ce maka jikinka ya girme ka da shekara biyar, me za ka yi? Likita zai ce ka auna hawan jini, suga da kitsen jini, ka bar taba, ka motsa jiki. To ai waɗannan tun farko suna nan, kuma su ne aka daɗe da tabbatar da amfaninsu.

Ɗauki hawan jini. Ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kusan rabin masu ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba. Amma kullum jinin na dukan bangon jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima. Manyan jijiyoyi su sandare, ƙananan da ke ciyar da ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido su tsuke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: nan kitse ke maƙalewa, nan jini ke daskarewa. Shanyewar ɓarin jiki da ta kayar da dattijo cikin minti ɗaya, ta yi shekara 20 tana tahowa. Haka ita ma cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa cutar mantuwa: sinadarin amiloyid yakan fara taruwa a ƙwaƙwalwa shekara 15 zuwa 20 kafin mutum ya soma manta sunan jikansa.

Abin da muke kira gigin tsufa mu sallama, ba duka ne dole ba. Kwamitin mujallar Lancet kan cutar mantuwa, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston, ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa da ita. Goma daga ciki a tsakiyar rayuwa suke, irin su hawan jini, ciwon suga, ƙiba, taba, barasa, rashin motsa jiki da mugun kitsen jini. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne raunin ji, domin yana cikin biyu mafiya nauyi a lissafin. Mutum ya fara cewa "me ka ce?" sau da yawa, kunya ta sa ya rage shiga mutane, ƙwaƙwalwar ta rasa abin da ke wasa ta. Wa ke zuwa a duba masa kunne yana ɗan 50?

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Kashi 45 ɗin nan lissafi ne na al'umma baki ɗaya, wanda ya ɗauka cewa za a kawar da abubuwan gaba ɗaya. Ba alkawari ba ne ga Malam wane. Akwai gado, kamar nau'in ƙwayar halittar APOE4 da ke ƙara haɗarin Alzheimer, ga kuma wanda ya kiyaye komai amma ciwo ya same shi. Bai kamata wannan ilimi ya zama sandar dukan marar lafiya ba. Hayaƙin da mutum ke shaƙa a titi, aikin dare, rashin samun karatu yana yaro, ba shi ya zaɓa ba.

Amma inda aka gwada gyara, an ga bambanci. Wani masani, Richard Doll, da abokan aikinsa sun bibiyi likitocin Birtaniya tun daga 1951 har shekara 50 don ganin illar shan taba. Mai shan taba yakan yi asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana da 40 ya ceto kusan tara, mai 50 ya ceto shida, mai 60 ya ceto uku kacal. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Finlan a 2001, ɗaya a Amurka a 2002, sun ɗauki mutanen da sugansu ya fara hawa aka taimaka musu su rage nauyi kaɗan su riƙa motsa jiki. Duka biyun suka samu raguwar kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari.

Inda nake ganin gazawar hukumomin lafiya shi ne, an tanadar wa jariri katin rigakafi, mai ciki tana da ranar awo, tsoho kuwa ciwo ne ke kai shi asibiti. Ɗan shekara 45 ba wanda ke nemansa, shi ma ba ya neman kowa, domin ga 'ya'ya a makaranta, ga iyaye da suka tsufa, ga neman abin sawa a baki. Mata abin ya fi tsanani. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada ke ɗaukewa, sinadarin estrojin ya ja baya, mugun kitsen jini ya hau, ƙashi ya fara laushi, kuma daidai lokacin ne macen da ta gama haihuwa ke daina taka asibiti. Auna hawan jininta ba ya cin minti biyar, kuma ana iya yi a wurin aiki ko a kantin magani, in akwai wanda aka ɗora wa alhakin kiranta duk shekara.