Jaridar ɗalibai: zafin kai kaɗai ba ya raya ta

Da wuya a fara sabuwar shekarar karatu ban ga an buɗe sabon shafin labarai na ɗaliban wata jami'a ba. Suna mai daɗi, tambari mai kyau, jerin editoci da hotunansu, da alƙawarin cewa daga yau babu abin da zai sake faruwa a makarantar nan a ɓoye. Wata biyu ko uku labarai na fitowa ba ƙaƙƙautawa. Sai jarabawa ta ƙarato, shafi ya yi tsit. Bayan hutu a ɗan motsa, a sake yin shiru. Ranar da wanda ya kafa shi ya kammala karatu, shi ke nan, an rufe babi. Idan ka tambaya sai a ce hukumar makaranta ce ta matsa musu. Wani lokacin gaskiya ne, kuma ba na raina wannan matsin ko kaɗan. Amma a ganina mafi yawan waɗannan kafafe da kansu suke mutuwa, saboda an gina su a kan zafin zuciyar mutum ɗaya, ba a yi musu tsarin da zai riƙe su ba.

Abin yana damuna ne domin na san girman abin da ake asara. Jami'a gari ce sukutum. Akwai dubban mutane a cikinta, akwai kasafin kuɗi, ana ba da kwangila, akwai asibiti, akwai jami'an tsaro, akwai kwamitin ladabtarwa da zai iya rushe wa matashi rayuwa a zama ɗaya. Manyan jaridu ba sa leƙowa sai an yi zanga-zanga ko an rasa rai. Duk abin da ke faruwa tsakanin waɗannan ranakun, idan ɗaliban da ke ciki ba su rubuta shi ba, babu mai rubutawa.

Ku dubi abin da ya faru a Jami'ar Stanford ta Amurka. A watan Nuwamban 2022 wani ɗalibi ɗan aji ɗaya, Theo Baker, ya fara wallafa rahotanni a jaridar ɗalibai ta The Stanford Daily kan wasu hotunan bincike da ake zargin an taɓa su a cikin maƙalun kimiyya masu ɗauke da sunan shugaban jami'ar, Marc Tessier-Lavigne. Masana sun daɗe suna nuna shakku kan hotunan a intanet, amma maganar ba ta je ko'ina ba sai da jaridar ɗalibai ta ɗauke ta. Kwamitin amintattun jami'ar ya sa aka yi bincike. A watan Yulin 2023 rahoton ya fito, ya ce ba a samu shugaban da hannu kai tsaye a maguɗin ba, amma bai tashi tsaye ya gyara kurakuran da aka nuna masa ba. Ya sanar da murabus ɗinsa. Baker kuma ya samu lambar yabo ta aikin jarida ta George Polk yana ɗan shekara 18.

Duk wanda ya ji wannan labari sai ya ce kai, yaron nan jarumi ne. Haka ne. Amma ni abin da nake so ƙannena masu kafa jaridu su duba shi ne gidan da yaron ya tsaya a ciki. The Stanford Daily ta zama mai cin gashin kanta tun 1973, shugaban jami'a ba shi da ikon korar editanta ko hana ta fitowa. Gidan nan kuma ya saba da gwagwarmaya tun kafin a haifi Baker: a 1971 'yan sanda sun shiga ofishinta da takardar izinin bincike suna neman hotunan wata zanga-zanga, jaridar ta kai ƙara, shari'a ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, a 1978 aka yanke hukuncin da bai yi mata daɗi ba. Duk da haka ƙurar da shari'ar ta tayar ce ta sa majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 1980 da ta taƙaita shiga ofisoshin 'yan jarida da sunan bincike. Lokacin da wasiƙun lauyoyin shugaban jami'a suka fara iso wa jaridar, akwai editoci da masu ba da shawara da ke bin kowace jimla kafin ta fita. Da a shafinsa na kashin kansa ya yi wannan aiki, shi kaɗai da wayarsa, ina shakkar da ya kai ko'ina.

Ɗan jaridar jami'a yana cikin wani hali da ƙwararren ɗan jarida bai san irinsa ba. Mutumin da kake rubutu a kansa yau, gobe shi zai duba takardar jarabawarka. Ofishin da ka bankaɗo shi zai sa hannu a takardar shaidar kammala karatunka. Shugaban ƙungiyar ɗaliban da ka tambaya ina kuɗi suka shiga, wataƙila ɗakinku ɗaya a hostal. Babu inda za ka gudu. To a irin wannan hali, garkuwarka ɗaya ce, kada a kama ka da ƙarya ko da ta harafi ɗaya. Hukumar da ke son hukunta ka ba za ta ce don ka faɗi gaskiya ba ne. Za ta nemo ranar da ka rubuta ba daidai ba, ko adadin kuɗin da ka ƙara wa sifili, ko maganar da ka jingina wa wanda bai faɗe ta ba, ta riƙe wannan ta yi maka hukunci a kansa, labarin gaskiyar kuma ya bi ruwa.

Shi ya sa nake ganin babban aikin edita shi ne ya iya cewa a dakata. Wakili zai zo da zumuɗi, ya ce labari ya cika dandalin WhatsApp na ajinsu, kowa ya sani, idan ba mu buga yanzu ba wani zai riga mu. Nan ake gane edita. Wa ya gani da idonsa? Akwai mutum na biyu da bai ji daga bakin na farko ba? Ina takardar, ina hoton, kuma mun tabbata ba na bara ba ne? An kira wanda ake zargi? An ba shi lokacin da mutum zai iya amsawa, ko an tura masa saƙo ne minti goma kafin a wallafa don a ce an tuntuɓe shi? Idan ya ƙi magana a rubuta cewa an neme shi a rana kaza ta hanya kaza bai amsa ba, a kuma adana shaidar. Duk hirar da aka naɗa a ajiye ta. Wannan aiki ba shi da armashi, ba ya kawo mabiya, amma ranar da aka kira ku gaban kwamiti shi kaɗai zai yi magana a madadinku.

Labarin da ya fi kowanne nauyi shi ne na malamin da ake zargi da neman ɗaliba ko karɓar kuɗi don ba da maki. A nan rayuwar mutum biyu ce a hannunku. Idan kuka yi sakaci da sirrin wadda ta kawo ƙorafi, ko da ba ku ambaci sunanta ba amma kuka faɗi sashenta da ajinta da ranar da abin ya faru, kun tona ta, kuma ita za ta ci gaba da zama a ajin nan bayan kun wuce zuwa wani labarin. Idan kuma kuka ambaci sunan malami ba da hujja mai ƙarfi ba, kun ɓata masa suna, kuma dokar ɓata suna ba ta ɗaga wa mutum ƙafa don yana ɗalibi. Irin wannan labari ba a ba wa sabon wakili shi kaɗai, ba a kuma gaggawa da shi. A nemi wani malamin shari'a ko tsohon ɗan jarida ya karanta kafin ya fita.

Akwai matsin da ba a cika magana a kansa ba, wanda ke zuwa daga ɗalibai 'yan uwanku. Jaridar The Daily Northwestern ta Jami'ar Northwestern da ke Amurka ta ɗanɗana nasarar aikin, ta kuma ɗanɗana wannan matsin. A Yulin 2023 jami'ar ta dakatar da kocin ƙungiyar ƙwallonta, Pat Fitzgerald, na mako biyu kacal bayan wani bincike kan cin zarafin sababbin 'yan wasa. Washegari jaridar ɗalibai ta wallafa bayanin wani tsohon ɗan wasa dalla-dalla, kwana biyu bayan haka aka sallami kocin, ko da yake shi ya musanta cewa ya san abin da ke faruwa. Amma wannan jaridar dai, a 2019, ta fito ta ba da haƙuri saboda ta wallafa hotunan ɗalibai masu zanga-zanga a bainar jama'a, da kuma neman lambobinsu don jin ta bakinsu, bayan 'yan uwansu ɗalibai sun yi mata caa. Ƙwararrun 'yan jarida da dama sun soki wannan ba da haƙurin. Ni ina tausaya wa editocin, domin fushin abokai ya fi na hukuma ciwo. Sai dai jaridar ɗalibai ba kakakin ƙungiyar ɗalibai ba ce. Shugabannin ƙungiya ma kuɗin jama'a suke riƙewa, su ma suna yin alƙawari lokacin zaɓe. Kafar da ke caccakar shugaban jami'a kullum amma ba ta taɓa tambayar ma'ajin ƙungiya lissafi ba, ta riga ta zaɓi ɓangare, kuma masu karatu suna lura.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne da yawa ke faɗawa tarko ba su sani ba. Wanda ke biya muku kuɗin intanet da ɗab'i, ko bai ce komai ba, za ku fara tauna magana kafin ku taɓa shi. The Daily Tar Heel ta Jami'ar North Carolina da ke Amurka, jaridar da aka kafa a 1893, ta daina karɓar kason kuɗin ɗalibai da ke bi ta hannun makaranta a 1993, ta koma dogaro da talla. Wannan 'yancin ne ya ba ta ƙarfin maka jami'arta a kotu a 2016 tana neman bayanan waɗanda aka hukunta kan cin zarafin mata, kuma a 2020 kotun ƙolin jihar ta ba ta gaskiya. Na san ba kowace kafa ce za ta iya tsayawa da ƙafarta haka ba, musamman sabuwa. Amma akwai matakin da kowa zai iya ɗauka. Idan dole sai an karɓi tallafin makaranta, a sa a rubuce cewa tallafin bai ba kowa ikon ganin labari kafin ya fita ba. Kada kuɗi su zo ta ƙofa ɗaya. Tsofaffin ɗalibai, ƙananan tallace-tallace, gudummawar masu karatu, kowanne kaɗan. Mai neman talla daban, mai rubuta labari daban. Kuma lokacin zaɓen ƙungiya, idan ɗan takara ya biya kuɗi aka saka hotonsa, a rubuta ƙarara cewa talla ce. Wakilin da ya karɓi na goro daga wanda yake rubutu a kansa, a sallame shi, ko shi ne ya fi kowa iya rubutu.

A ƙasashe da yawa akwai makamin da ɗalibai ba sa amfani da shi, wato dokar 'yancin samun bayanai. A Najeriya, misali, dokar 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa buƙatar da aka rubuta musu, kuma ba sai ka faɗi dalilin nema ba. Ko an ƙi amsa muku, ƙin amsawar ma labari ne.

Kada kuma a ɗauka kullum sai an kayar da wani babba. Ruwan da ya ɗauke a hostal mako guda, sakamakon jarabawar da ya maƙale zango biyu, matakalar da mai keken guragu ba zai iya hawa ba, ɗalibar da ta ƙirƙiro wani abu a ɗakin gwaji babu wanda ya sani. Waɗannan ne ke sa mutane su saba da ku, su yarda da ku, har ranar da babban labari zai zo su kawo muku shi. Gara ku fitar da labari biyu ingantattu kowane mako har ƙarshen shekara da ku fitar da goma a rana na wata ɗaya. Ku tsara aiki da sanin cewa jarabawa na zuwa, ku rage kafin ta zo, domin editan da aka kora saboda faɗuwa jarabawa bai amfani kowa ba. Idan an yi kuskure a gyara a fili, a ƙasan labarin, da kwanan wata. Goge labari a ɓoye kamar ba a taɓa yin sa ba yana zubar da mutunci fiye da kuskuren kansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da jaridu irin su The Harvard Crimson da ke fitowa tun 1873, ko Yale Daily News tun 1878, ko Cherwell ta Oxford tun 1920, shi ne duk bayan shekara uku ko huɗu babu mutum ɗaya da ya rage cikin waɗanda ke gudanar da su. Kamfanin da duk ma'aikatansa za su tafi haka da ya rushe tuni. Su sun rayu ne saboda sun mayar da miƙa ragama wani ɓangare na aikin. A wurinmu kuwa sau da yawa lambar sirrin shafi tana kan wayar mutum ɗaya, rajistar adireshin intanet da imel ɗinsa na kashin kansa aka yi ta, lambobin majiyoyi suna kansa, ya tafi da su duka.

Don haka, ƙanena edita, daga ranar da aka ba ka wannan kujera fara neman wanda zai gaje ka. Je ka ɗauko 'yan aji ɗaya da aji biyu, ba abokanka na ajin ƙarshe kaɗai ba. Zauna da su ka gyara rubutunsu a gabansu, ka faɗa musu dalilin kowane gyara. A rubuta kundin tsarin kafar, ko shafi uku ne: yadda ake zaɓen edita, tsawon wa'adinsa, wanda ke riƙe kuɗi, abin da za a yi idan an kira wakili gaban kwamiti. A buɗe imel da sunan kafar, lambobin sirri su kasance a hannun mutum biyu ko uku, tsofaffin labarai da hirarraki a adana su inda na baya za su same su. Zaɓen sabon edita kuma a yi shi tun ana saura zango guda ka gama, domin ya fara aiki kana nan kusa, ya yi tambaya ka amsa masa.