Wakilin gidan haya ba zaman banza yake ba

A Damagaram sau da yawa za ka ji ana cewa wakilin mai gida, wato mai kula da gidan haya, ya samu aikin hutu: ƙarshen wata ya zo ya karɓi kuɗi, ya cire nasa, ya yi gaba. Ba laifin masu faɗa ba ne, don ranar karɓar kuɗi ce kaɗai suke lura da shi.

Amma karɓar haya ita ce mafi sauƙi a aikin. Ɗauki gida mai ɗakuna da yawa a Zango, pampo ɗaya, takardar kuɗin ruwa ɗaya. Idan bazara ta yi tsanani pampo ya ɗauke, aka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, sai takarda ta zo. Gwauro ya ce bai ɗebi ruwan da mai iyali ya ɗeba ba, mai iyali ya ce ai kwana da kwanaki ba a ga ɗigo ba. Wakili ne zai raba kuɗin, kowa kuma ya ji haushinsa. Shi zai nemo masu kwashe masai, shi zai sa a yaɓe rufin soro kafin damina.

Kuma gidan ba nasa ba ne. In mai gida yana Yamai bai aiko da kuɗin gyara ba, wakili ne ke shan faɗan 'yan haya.