San Francisco: tarar fakin ba za ta sauko da kuɗin haya ba

A watan Yulin 2025 majalisar birnin San Francisco, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta amince da dokar da magajin gari Daniel Lurie ya kawo, wadda ta hana babbar mota wuce awa biyu a ajiye a bakin titi. Sunanta dokar fakin, amma kowa ya san da wa ake. Da iyalan nan ne da haya ta koro daga gidaje, suka tattara komatsansu suka koma kwana cikin motoci masu gado da ɗan madafi. Abin ya tsaya mini a rai.

Tun ranar 28 ga Yunin 2024, da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass cewa birane na iya hukunta mai kwana a waje, hukumomi suka samu ƙofa. Wata guda bayan nan Gwamna Gavin Newsom ya ba da umarnin a tashi sansanonin marasa gida a Kalifoniya. Yanzu an juyo kan masu motoci.

Hujjar da ake ta maimaitawa ita ce wai 'yan ƙwaya ne da malalata. To, a dubi jihar West Virginia. Shekara da shekaru tana kan gaba a mace-macen shan ƙwaya a Amurka, amma masu kwana a titinta ba su kama ƙafar na Kalifoniya ba. Me ya bambanta su? Haya tana da sauƙi a can. A San Francisco kuwa gida mai ɗakin kwana ɗaya yana cin sama da dala 3,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi bai kai dala 20 a awa ba. Mai wanke-wanke a gidan abinci ko lebura a wurin gini, ko da bai yi fashin aiki rana ɗaya ba, ina zai samo wannan kuɗin? Ƙidayar gwamnatin tarayya ta Janairun 2024 ta samu marasa gida sama da 770,000 a faɗin Amurka, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a shekara guda. Lalaci ba ya ƙaruwa haka cikin wata goma sha biyu.

Ga yadda tarar take aiki. Uwa ta shirya yara da asuba a cikin mota, ta raka su makaranta, ta wuce wurin aiki. Ta dawo ta tarar da takarda maƙale a gilashi. Ba ta da abin biya, takardun suka taru, wata rana aka janye motar, da katifarta da magungunanta da takardun haihuwar yara a ciki. Kuɗin fanso ya fi ƙarfinta. Jiya tana da ƙofar da take kullewa da dare, yau tana kan kwali. Wannan shi ake kira gyara?

Masu gidajen unguwa suna kukan shara da ƙazanta, kuma kukan gaskiya ne, sai dai maganinsa bandaki da motar kwasar shara. Birnin ya ce zai ba wasu izini na ɗan lokaci, ya sama musu matsuguni. A fara miƙa makullin ɗakin tukuna, sannan a yi maganar janye mota. Kafin nan a ware filayen kwana a mota, irin waɗanda birnin Santa Barbara na Kalifoniya yake da su tun 2004, a sa musu ruwa da mai gadi, a kuma sassauta dokokin da suka hana gina benaye a unguwannin masu hali.