Ku daina cusa wa sabon shiga mayaƙi

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa yake ɗaukar jarumi guda cikin labari ana jefa dayis, kuma ni dai tana ci mini tuwo a ƙwarya. Sabon mutum zai zauna a tebur, bai ma gama gaisawa ba, sai wani tsohon hannu ya tura masa takarda ya ce, "Ɗauki mayaƙi, shi ya fi sauƙi." Shi ke nan, an yanke masa hukunci. Ba a tambaye shi wane irin jarumi yake son zama ba, ba a ji me ya jawo shi wasan ba.

Na san masu yin haka da kyakkyawar niyya suke yi. Amma ku duba abin da kuke ba mutum. A bugu na biyar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, reshen mayaƙi da ake yawan tura sababbi gare shi shi ne Champion. Babban abin da yake samu a mataki na 3 shi ne saransa ya zama mai tsanani idan dayis mai fuska 20 ya nuna 19 ko 20. Bayan wannan, da wuya ya samu wani zaɓi na kansa a tsakiyar faɗa. Zagaye ya zo kansa, ya ce "na kai sara", ya jefa dayis, ya koma ya zauna. Na kusa da shi kuwa yana jefa wuta daga tafin hannu, wani yana laɓewa cikin duhu ya sace makullin gidan yari. Wata uku ana wannan, sai ka ga bawan Allah ya fara latsa waya a tsakiyar wasa, daga nan ya daina zuwa. Sai mu ce wasan bai karɓe shi ba, alhali mu ne muka ba shi mafi ƙarancin abin yi.

Na taɓa ganin wata yarinya da ta zo tebur da labarinta a kai: tsohuwar matsafiya mai mujiya a kafaɗa, wadda ta gudu daga makarantar tsafi da littafin malaminta. Idonta har ƙyalli yake tana bayani. Aka ce mata tsafi yana da wuya, ta bari sai gaba. Ta karɓi takardar mayaƙi, ta rubuta suna a sama, ta yi shiru. Wannan shirun shi ne hasarar da nake magana a kai.

Masu adawa da ni suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Matsafi a mataki na 1 yana da makin rai 6 ne kawai, sai abin da juriyarsa ta ƙara masa, mayaƙi kuwa yana farawa da 10. Gobilin guda, wani ƙaramin dodo, yana iya cire maki har 8 da sara ɗaya, wato yana iya kwantar da matsafin nan take. Ga littafin tsafi da ake zaɓar dabaru shida, ga ƙanana guda uku da ake yi ba iyaka, ga guraben tsafi biyu tak da za a lallaɓa, wato damar yin babban tsafi sau biyu kafin a huta. Da gaske akwai karatu. To amma maganin karatu mai yawa shi ne a taimaka wa mutum ya karanta. Mai jagorantar wasa ya zauna da ita minti kaɗan kafin a fara, su zaɓi dabarun tare, a rubuta kowacce a ƙaramin kati: wannan tana harba kibiyoyi uku da ba sa kuskure, wannan tana sa abokan gaba barci, wannan garkuwa ce idan an kawo miki hari. Sauran 'yan wasa su koyi tsayawa gabanta lokacin faɗa. Wanda yake son abu zai haddace shi da sauri fiye da yadda kuke zato. Wanda da kansa ya ce takobi yake so, a ba shi mayaƙin da hannu biyu, har a nuna masa wani reshen mayaƙin, Battle Master, idan yana son dabaru.

Inda rashin adalci na gaskiya yake kuwa, ba a cika kula da shi ba, wato wajen raba makin halaye shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, dayis uku ake jefawa wa kowane hali, bi da bi, abin da ya fito shi ne rabonka. A lokacin jarumai mutuwa suke kamar ƙudaje, ka rasa ɗaya ka ƙirƙiri wani cikin minti biyar, don haka mummunar sa'a ba ta daɗe da mutum. Yau labari guda yana iya ɗaukar shekara. Har yanzu teburi da yawa suna jefa dayis huɗu su yar da mafi ƙanƙanta, saboda akwai daɗi, ban musa ba. Amma sai ka samu wani ya fito da 18 da 17, maƙwabcinsa mafi girmansa 13. Maki 18 yana ba da ƙarin 4 a kan abin da dayis ya nuna, maki 13 yana ba da ƙarin 1. Tazarar 3 a dayis mai fuska 20 kashi 15 cikin 100 ce, a kowane hari, a kowane zama, har labarin ya ƙare. Tsohon hannu ya san yadda zai mayar da jarumi mai rauni abin nishaɗi. Sabo kuwa abin da zai gani kawai shi ne shi yana kuskure, na gefensa yana dacewa, sai ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Littafin dokokin wasan da kansa ya tanadi mafita: jerin 15, 14, 13, 12, 10, 8, kowa ya rarraba yadda ya ga dama. Ko a saya da maki 27, wanda daidai yake da kuɗin wancan jerin. Idan akwai sabo a tebur, ni a ganina babu wani dalilin da zai sa a bar wannan a koma ga sa'a.

Su kansu masu tsara wasan sun gane akwai tarkuna. A dokokin 2014, wanda yake son jaruminsa na jinsin wadan dutse (mountain dwarf) ya zama matsafi ba ya samun ƙarin basira ko ɗaya daga jinsinsa, sai ƙarfi da juriya. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ba da damar a matsar da ƙarin zuwa inda ake so, sannan bugun 2024 ya cire shi daga jinsi gaba ɗaya ya ɗora shi kan tarihin rayuwar jarumi. Wannan gyara ne mai kyau, kuma ko da tsohon littafi kuke amfani ku ɗauke shi.

Abu na ƙarshe da nake roƙon masu jagoranci: ku bar ƙofar gyara a buɗe. Ku faɗa wa sabon tun ranar farko cewa har ya kai mataki na 3 yana da damar canza dabara, canza maki, ko ma canza jarumin ɗungurungum, ba tare da an yi masa kallon wanda ya ɓata labari ba. Sa'an nan ku tambaye shi wa yake son zama, ku saurari amsar har ƙarshe kafin ku buɗe littafi.