Sai An Zuba Kwalta Sannan A Tuna Da Bututu?

Wata shida kacal da buɗe titin da ya wuce ta ƙofar gidanmu, yau da safe na fito na tarar da ma'aikata da diga da shebur suna farke shi. Wai bututun ruwa za su binne. To da can ina bututun yake? Shekara biyu muka yi muna shaƙar ƙura, muna dogon zagaye da yara zuwa makaranta, muna haƙuri don an ce aiki ake yi mana. Yanzu kuma a dawo a tsaga shi kamar ba kuɗin jama'a aka narka ba!

Abin da ya fi ƙona min rai, ba wani sabon ilimi ake nema ba. Kowane injiniya ya san ruwa ne babban abokin gābar kwalta. Da zarar ya ratsa ya kwanta a ƙarƙashi, ƙasa ta yi laushi, babbar mota ta taka, sai rami. Shi ya sa ake fara magudanar ruwa da kwalbati, a binne bututu da wayoyi, kwalta ta zo ƙarshe. Mu an yi mana a juye. Masu hanya ba su tuntuɓi masu ruwa ba, masu ruwa ba su san da masu lantarki ba, kowa da zanensa a aljihu.

Kuma kada a ce min talauci ne, don ko a ƙasashe masu arziki ana tafka irin wannan rashin tsari. Gidan wasannin Opera na Sydney an fara gina shi a 1959 tun zane bai kammala ba. Aka ƙiyasta dalar Ostareliya miliyan 7, ya ci miliyan 102, bai buɗe ba sai 1973. Filin jirgin saman Berlin a Jamus, da aka sa ran buɗewa a 2011, sai 2020, saboda tsarin kariyar gobara da ya ƙi aiki da sauran kwamacala. Farfesa Bent Flyvbjerg, masani mai nazarin manyan ayyukan gine-gine, ya nuna cewa tara cikin goma na manyan ayyuka suna zarce kasafinsu. An rubuta rahoto kan rahoto, ƙura tana cin su a kabad, gaggawar yanka kintinkiri ce ke jan ragamar aiki.

Na tambayi ɗaya daga cikin masu haƙan wa zai mayar da kwaltar. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba ya cikin kwangilarsu. Ga hadari ya fara haɗowa, ga rami a tsakiyar titi.