Biyayyar Bakhita da "a'a" ta fara

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada a nan Bur Sudan, na tarar da wata 'yar'uwa a bayan majami'a tana wanke kofunan shayi, tana goge hawaye da bakin mayafi. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilun 2023 ne ya koro ta. Aikatau take yi a wani gida, wata huɗu ke nan ba a ba ta ko sisi ba. Ta kai kuka wurin wani dattijon ikilisiya, sai ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, ai Kirista da biyayya aka san shi."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma bakina ya sha furta irinta.

'Yan'uwanmu Hausawan Sudan, daga Mai Wurno har Gadarif, kusan duk Musulmi ne; mu Kiristocin da muka zo daga Najeriya ba mu taka kara mun karya ba. Baƙo kuwa da wuri yake koyon sunkuyar da kai. Sai dai sunkuyawar tsoro daban, biyayya ga Allah daban, kuma mun daɗe muna cakuɗa su.

Kudu da mu kaɗan ga Sawakin, tashar da alhazan ƙasar Hausa suke tsallakawa Jidda a da. Can aka so a dawo da Josephine Bakhita. Yarinya ce 'yar Darfur da aka sace, aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu, har wata uwargijiya ta sa aka yi mata tsaga 114 a jiki, ana cusa gishiri a ciki. Daga baya ta tsinci kanta a Italiya, tana renon 'yar wani iyali masu otal a Sawakin. Da uwar ɗakinta ta zo ɗaukarta daga gidan sistocin Kanosa (mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika) a birnin Benis, inda aka ajiye ta, Bakhita ta ce ba za ta ba. Aka yi lallashi, aka yi barazana, ta kafe. Ran 29 ga Nuwamban 1889 hukuma ta yanke cewa ita ɗiya ce, ba baiwa ba.

Dubi abin da ta yi da 'yancin. Ta yi baftisma a 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a 1896, sannan ta kwashe shekaru tana girki da tsaron ƙofa a garin Sikiyo har ta rasu a 1947. Aikin hannun bai canza sosai ba, tukunya ce dai da tsintsiya. Amma yanzu ita ta miƙa kanta, ba ƙwata aka yi ba. Yesu ma haka ya ce a Yohanna 10:18, ba mai karɓe ransa, shi ne yake ba da shi da yardarsa.

Na san za a kawo mini Afisawa 6:5, inda aka ce bayi su yi biyayya. To, a sauka zuwa aya ta 9, wadda ta hana iyayengiji yin barazana. A buɗe Yaƙub 5:4 kuma, inda ladan ma'aikatan da aka danne yake kuka har Ubangiji ya ji. Me ya sa kullum ayar da ta shafi mai wanke-wanke muke haddacewa?

Wannan 'yar'uwa ba ta gaza a hidima ba. Kofunan da take wankewa ma ba wanda ya sa ta. Mu ne hidima ta hau kanmu. Na koma wurin dattijon na ce, "Baba, in haƙuri za ta yi, mu kuma fa?" Ya yi shiru can, sannan ya tambaye ni unguwar da gidan yake. Ran Laraba da la'asar za mu je mu uku.