Faratan Shaho da Ɗan Tsakon Hajiya

Tun da na bar koyarwa, ɗan ƙanwata da ke karatu a Yamai ya ga zaman banza zai tsufar da ni, sai ya kawo min tsohuwar wayarsa mai kamara da wani littafin tsuntsaye na Faransanci. Ya ce, "Kawu, ka riƙa kallon sama, ya fi maka sauraron siyasa a rediyo." Da na san inda abin zai kai ni, da na riƙe rediyona.

Ni dai a sanina shaho shaho ne, shirwa shirwa ce. Ashe a littafin nan ƙananan shaho kaɗai sun ci shafuka. Akwai mai jan ƙeya da ba ya nisa da giginya, akwai ja mai son duwatsu. Amma waɗanda suka hana ni barci biyu ne, Faransawa na ce musu kiresarel da kiresarelet, ko sunan ma ƴar wutsiya ce ta raba su. Na biyun baƙo ne. A ƙasashe irin su Sifen yake ƙyanƙyasa, cikin ramukan tsofaffin gine-gine, in damina ta wuce ya ƙetaro teku da Sahara ya zo cin fararmu. A Senegal, kusa da Kawlak, an taɓa ƙidaya fiye da 28,000 a makwanci guda a 2007. Na ce in Senegal ta samu haka, ai Damagaram ba ta rasa ko ɗaya ba, mu da ake auna fara da tiya a kasuwa.

Wata safiya cikin hunturu, hazo ya lulluɓe gari, na hau duwatsun bayan Birni. Can nesa a kan turken lantarki na hango wani abu da bai fi tattabara girma ba. Ya tashi, ya tsaya cak a iska yana kaɗa fukafukai kamar an rataye shi da zare, ya koma ya zauna. Hannu na rawa na ɗauki hoto 11. Goma hazo ne zalla. Na ƙarshen akwai turke, a kansa kuma wani ɗigo kamar kashin ƙuda. In ka buɗa shi da yatsu biyu sai ya koma kamar ƙosan da ya ƙone.

Da yamma na kai shi fada. Alhaji mai shago ya gyara tabarau ya ce hasbiya ce, ya rantse. Mai dafa mana shayi ya ce baƙar leda ce iska ta maƙala. Tela bai ce uffan ba, ya karɓi wayar, ya tofa ɗan yawu ya shiga goge ta da hannun riga. Ɗigon bai fita ba. Nasarar da na samu ranar ke nan.

Na tura wa yaron, ya aiko da murya. "Kawu, in namiji ne ka duba baya. Kiresarel yana da baƙaƙen ɗige-ɗige a jan bayansa, shi kuwa baƙon bayansa wankakke ne, da ɗan toka-toka a fiffike. In mace ce, to kusan kamarsu ɗaya, sai dai ka duba farata. Na kiresarel baƙaƙe ne, na baƙon farare." Farata! Ni da ko na ƙafata sai na sa tabarau na fita rana nake yankewa.

Washegari na ɗauki ɗan kabu-kabu muka bi hanyar Mirriya. Mun same shi, ko ɗan'uwansa, Allah masani. Da na sauka na lallaɓa, sai ya tashi ya ƙara turke biyu gaba ya juya min baya. Mu hau, mu sauka, mu hau. A turke na bakwai yaron ya kashe babur ya ce, "Baba, don Allah bashi kake bin sa?" Jaka biyu na biya, na dawo da ƙarangiya har gwiwa.

Rana ta uku Hajiya za ta suna maƙwabta. Ta tsaya a kaina da mayafinta ta ce, "Malam, tun da kallon sama ne aikinka yanzu, ga ƴan tsakina tara, ka sa musu ido." Na ce ai kin kawo aiki wurin gwani. Na shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, littafi a cinya.

Ban fi shafi biyu ba sai kazar ta yi wani irin kuka, ƴaƴan suka watse. Inuwa ta gifta a kan katanga. Duk yaron da ya tashi a gidan kaji ya san abin yi: ka yi ihu, ka tafa hannu, ka jefa abin da ke kusa. Ni kuwa sai hannuna ya tafi aljihu. Wayar ta nemi lambar sirri, na danna ba daidai ba. Da ta buɗe, kamarar ta juyo ta nuna min hancina. Kafin in juya ta, wani abu ya wuce ta gefen kunnena fiu, ashe Hajiya ce ta dawo ɗaukar kwanon da ta manta, ta cire takalmi ta jefa. Na danna dai. Faratan da na yi kwana uku ina nema sun zo har tsakar gidana, taku huɗu tsakaninmu, amma suna nutse cikin ɗan tsako.

Ta ƙirga sau biyu, takwas. Ta ce, "Malam, kana zaune?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, an ƙaru da ilimi. Yanzu mun tabbata ba baƙon Sifen ba ne, shi fara yake ci."

Ta ce, "To madalla. Kai ma yau ita za ka ci."

Da dare na tura wa yaron sabon hoton, wanda a karon farko ya fito tar, babu hazo ko kaɗan. Can sai ga muryarsa: "Kawu, takalmin wa ke tashi sama haka?"